Abin da Ya Hau Ƙusa

A bangon rumfar gyaran babura, dama da bencin aiki, akwai wata doguwar ƙusa da ta ɗan lanƙwashe saboda daɗewa tana ɗaukar nauyi. A ido ba ta fi sauran ƙusoshin bangon da komai ba, amma duk layin makanikai an san ta. Abin da tsohon makaniken ya gama gyarawa, ya gwada, zuciyarsa ta kwanta da shi, nan yake rataye shi. Wanda bai gama ba kuwa yana ƙarƙashin benci, ko cikin kwali, ko a ƙasa cikin baƙin mai. Shi ba mutum ne mai yawan magana ba. In ka zo karɓar kayanka ka tambaye shi ko an gama, ba zai amsa ba, sai dai ya ɗaga haɓa wajen ƙusar. In kayanka na can, ɗauka ka tafi, ba sai ka tsaya kana jujjuyawa ba. In ba ya can, to sai wani jiƙon.

Mai-tada-gawa ake ce masa a layin, domin ƙarfen da kowa ya sallama shi ne abin sonsa. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Yakan ce ƙarfe ba ya mutuwa, masu shi ne suke gajiya da shi.

A wannan shekarar ne wani kamfanin babura ya sa aka yi ta sanarwa a rediyo cewa duk wanda ya sayi sabon samfurinsu ya dawo da shokozobar baya, wato ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke shanye jijjigar hanya, a sauya masa wasu. Masu haƙuri suka bi layi a kamfani. Marasa haƙuri, waɗanda babur ɗin shi ne abincinsu, suka sayi wasu a kasuwa, suka kawo wa tsohon ya ɗaura musu, suka bar masa tsofaffin. Kafin a ankara ya tara buhu guda. Ko tsofaffi ma ba za a kira su ba, wasu fentinsu bai ko dushe ba.

Wata safiya wakilin kamfanin ya biyo layin da ƙaramar mota yana tattara su. Saurayi ne mai ladabi, sai da ya rusuna ya gaida tsohon kafin ya nuna buhun.

"Baba, waɗannan ma za mu tafi da su a lalata."

"A lalata? Me suka yi?"

"Ba a sifirin matsalar take ba, ba kuma a mai ba. A cikin sandar tsakiya take, daidai wuyanta. Wajen narka ƙarfen aka yi kuskure. Wata lafiyarta ƙalau, wata kuma da tsaga a ciki kamar silin gashi. In ta ji nauyi ta faɗa rami, sai ta ɓalle."

"Ku da kuka haife ta ba ku san cutarta ba?"

"Mun san cutar, Baba. Mai cutar ne ba mu sani ba."

"Sai ku kashe gari guda don mutum ɗaya yana tari," in ji tsohon. Ya sa ƙafa ya tura buhun ƙarƙashin benci. "Masu su ni suka bar wa. Ka gaida manyanku."

Saurayin bai yi musu ba. Ya ce dai don Allah kada a ɗaura wa kowa, ya shiga motarsa ya yi gaba.

Mai walda, wanda rumfarsa ke manne da ta tsohon tun suna da baƙin gashi, ya ɗage gilashin fuskarsa ya leƙo.

"Malam, wannan gawar ka bar ta ta kwanta."

"Kai dai ci gaba da ƙona idonka."

"Ai ka ji labarin yaron nan mai kai burodi. A kan gada tasa ta ɓalle. Har yanzu da sanda yake tafiya."

"Lodi ya yi wa babur kamar jaki. Ko ni aka ɗora wa wannan kaya ai na ɓalle."

"Kai ai ka daɗe da ɓallewa, ba a dai sanar a rediyo ba ne."

Aka yi dariya a layin. Daga ranar maganar ta zama abin hira. Duk wanda ya zo shan inuwa sai ya tsokano ta, tsohon kuma ya kafe a kan bakansa: sifirin mai kyau, kwanso mai kyau, a sauya mai, a sauya roba, a bar mutum ya yi aikinsa. Ya faɗa a gaban manya, ya faɗa a gaban yara, har ta kai in ya so janyewa ma babu ta inda zai bi.

Da aiki ya yi sauƙi, sai ya zaro biyu daga buhun, ya zaɓi waɗanda suka fi haske. Ya matse sifirin ya cire, ya zubar da man kamfani da ya ga ya yi ruwa-ruwa, ya wanke komai da kananzir, ya jera su a kan tsumma kamar kayan likita. Ya sa sabuwar roba, ya auna mai da ƙaramin gwangwaninsa da ya fi wasu makanikan layin shekaru. Da ya haɗa, ya dafa da dukkan nauyinsa, sai ƙarfen ya nutse a hankali, ya taso a hankali, ba ƙara, ba tsalle. Rabon da aiki ya yi masa daɗi a hannu haka har ya manta.

Sandar tsakiyar ce kawai ta tsaya masa a rai. Ya fito da ita hasken rana ya jujjuya, ya shafa wuyanta da farce, bai ji komai ba. Ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya kara a kunne. Da can yakan ji muryar ƙarfe mai tsaga, wata irin dusasshiyar amsa ce. Yanzu kuwa kunnen hagu ya daɗe da yin nauyi, na dama kuma ƙarar injin walda ta cika shi. Ya ce a ransa, bari dai in ajiye su tukuna, in sake tunani.

Yana cikin haka aka aiko cewa wani tsohon abokin cinikinsa ya rasu, ana shirin fita da shi. Ya miƙe da hanzari, yana neman hularsa, yana goge hannu, yana ce wa mai walda ya kula masa da rumfa. Zuciyarsa na can gidan rasuwa. Hannunsa kuwa ya ga aiki a haɗe, a goge, yana ƙyalli, sai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru.

Washegari bai fito da wuri ba, gwiwoyinsa sun sha tsayuwa. Matarsa ta riga shi fita, domin ranar zuwanta asibiti ce, inda ake gasa mata baya. Ciwon ya daɗe yana cin ta, kuma babban ɗansu, wanda ake ce wa Dogo, shi ke kai ta a babur ɗinsa na haya. Da hantsi tsohon ya iso rumfa, ya rataye riga, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin benci. Buhun na nan. Biyun da ya gyara ba sa nan. Ya ɗaga kwali, ya ɗaga tsumma.

"Me ka jefar?" in ji mai walda.

"Shokozobar nan biyu na jiya."

"Ai Dogo ya ɗauka tun da sassafe. Nan ya tsuguna ya ɗaura da kansa. Ga tsofaffinsa can ya jingine maka."

Tsohon ya miƙe a hankali, yana dafa benci. "Wa ya ba shi?"

"Wa zai ba shi? A ƙusa ya gan su." Mai walda ya cire gilashin gaba ɗaya. "Ni na ɗauka wasu ne daban ka samo masa. Malam, ba dai na cikin buhun nan ba ne?"

Tsohon ya juya ya dubi ƙusar, ba komai a kanta. Sai yanzu ya tuna nauyinsu a hannunsa jiya, da 'yar ƙarar da suka yi lokacin da suka bugi bango.

Wani abu kuma ya faɗo masa, wanda ya fi wannan ciwo. Dogo ya daɗe yana roƙonsa ya duba masa shokozobarsa, don sun mutu murus, kowane rami sai ya shiga bayan Innarsa. Shi kuma kullum sai ya ce a bari ya sallami masu jira, na gida ai ba ya guduwa. Yaron ya zo ya tarar da biyu sababbi fil a kan ƙusa, daidai awon babur ɗinsa. Me zai ɗauka, in ba cewa ubansa ya cika alkawari a irin hanyarsa ta rashin magana ba?

Ya laluba aljihu ya kira wayar Dogo. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Shi da bakinsa ya hana yaron ɗaukar waya a kan babur tun ranar da ya fara koya masa tuƙi, har da rantsuwar zai ƙwace makulli. Wayar matar kuwa ya san inda take, tana kan tagar ɗaki inda take kwana take wuni.

Ya kama wani babur da aka kawo gyara zai tayar. Mai walda ya riƙe kan.

"In ka bi ta gada su biyo ta kasuwa fa? Da wannan idon naka? Zauna."

Ya zauna. Mai walda ya kashe injinsa, ya jawo kujera kusa da shi, bai ce uffan ba. Da ma ya yi masa gori, da ya fi sauƙi. Shirun nan na mutumin da bakinsa ba ya hutawa shi ya fi komai tsorata tsohon.

Ya san hanyar asibitin kamar tafin hannunsa. Akwai gangaren da ke bayan katanga, inda kwalta ta ɓare. Akwai ramin bakin gada, wanda ruwa ke ɓoyewa, manyan motoci kuma suna bin mutum a baya kamar za su hau shi. Ya ga matarsa a zaune a karkace yadda take zama saboda bayan, hannu ɗaya a kafaɗar ɗanta, ɗaya riƙe da jakar magani. Ya yi ƙoƙarin tuna duk hujjojin da ya yi ta zubawa a layin nan, sifirin mai kyau, kwanso mai kyau. Ko ɗaya bai zauna masa ba. Abin da ke dawowa kawai shi ne muryar saurayin nan: mai cutar ne ba mu sani ba.

Duk babur ɗin da ya karyo kwanar layin sai ya ɗaga kai. Wani ya zo da faci, ya ce masa ya je gaba. Inuwar rumfa ta janye har rana ta taɓa ƙafarsa, bai matsa ba.

Can sai ga su. Tun daga nesa ya gane zaman Dogo, da mayafin matarsa. A bakin layin akwai wani rami da kowa ke kauce wa. Dogo bai kauce ba, da gangan ya bi ta ciki yana murmushi, babur ɗin ya nutse ya taso kamar kwalekwale. Tsohon ya runtse ido.

Da ya buɗe, suna gabansa. Matar ta sauko da kanta, ba ta jira an riƙe ta ba.

"Malam, yau dai na ce sai na biyo na yi maka godiya da bakina," in ji ta. "Ashe haka masu mota suke ji? Tun daga gida har asibiti ban ce wash ba. Har likita sai da ya ce yau fuskata a sake."

"Na gaya mata aikinka ne, Baba," in ji Dogo. "Ta ce wai ashe kana tunawa da mu."

"Na ce dai da tsohuwar zuma ake magani. Kada ka ƙara mini gishiri."

Tsohon ya dubi fuskarta. Rabon da ya ga ta sauka daga babur ba ta cije leɓe ba, ya manta. Maƙwabta sun fara matsowa, masu gaishe ta da jiki, masu shafa shokozobar suna yaba sheƙinta. Ya san in ya yi shiru, babu mai tayar da maganar. Mai walda ba zai tona shi ba. Wataƙila ma ƙarafan nan su shekara goma ba su yi ko tari ba.

"Kafe babur ɗin," ya ce wa ɗansa. "Miƙo mini sifana."

"Wani abu ya kwance ne?"

"Cire su za mu yi."

Dogo ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. "Baba, a ƙusa fa na same su."

"Na sani."

"To ai kai ka rataye."

"Hannuna ya rataye. Ni ban rataye ba." Ya ɗaga murya kaɗan, yadda na bayan ma za su ji. "Na cikin buhun nan ne. Waɗanda kamfani ya ce a mayar."

Wani daga baya ya ce, "Ai kai ka ce lafiyarsu ƙalau, Malam."

"Na faɗa."

Ya durƙusa a kan gwiwoyin da ke masa ciwo, ya sa sifana a noti. Dogo ya tsaya a kansa, fuskarsa ta sauya. Ba tsoro ne ya fara zuwar masa ba.

"Wato ba don ni ka gyara su ba ke nan," ya ce a hankali.

Sifanar ta tsaya. "A'a. Ba don kai ba ne."

Matar ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta. Ta je ta zauna a kan bencin masu jira, ta ɗora jakar magani a cinya. "Kama masa, Dogo," ta ce. "Ba ka ga gwiwarsa ba?"

Suka cire su tare. Tsohon ya kwance ta farko, ya zare sandar, ya danne ta a bakin benci, ya ɗauko zarto. Mai walda ya ce ya kawo ya yanka masa da inji, ya girgiza kai. Ya daɗe yana gurzawa daidai wuyan, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har ƙarfen ya rabu biyu. Ya ɗaga bakin yankan a rana. Fari tas, sumul, babu tsaga, babu ko ɗigo. Ya yanka ta biyun. Ita ma haka.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Dogo. "Lafiyarsu ƙalau. Ka kashe su a banza. Da yanzu Inna ta huta."

Wani a cikin taron ya ce ashe dai tsohon ne da gaskiya tun farko. Wani ya ce kamfani ne da neman a sayi sabo. Ga ƙofa a buɗe, in yana son ya koma kan bakansa da mutuncinsa. Ya juya guntun ƙarfen a tafin hannunsa.

"Yanzu na sani," ya ce. "Ɗazu da take kai, ban sani ba. Abin da ba na iya sanin lafiyarsa sai na yanka shi, ba gyarana ba ne."

Ya sunkuya ya jawo buhun daga ƙarƙashin benci, ya ja shi a ƙasa har bakin rumfar mai walda.

"Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yanke. A wuya."

Mai walda ya buɗe baki, da alama wata tsokana ce ta zo masa, sai ya haɗiye ta. Ya sauke gilashinsa ya tayar da inji. Mutane suka fara watsewa.

Tsohon ya koma ya ɗauko matattun shokozobar Dogo daga inda aka jingine su. Duk sun yi baƙi da mai da ƙura, robar ta tsattsage, ɗaya ma in ka danna ba ta tasowa. Amma irin na da ne, ya san su ciki da waje, ya san gidan da suka fito. Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan benci.

"Za ki iya jira?" ya tambayi matarsa, bai dube ta ba. "Zai ɗau lokaci. Kuma ba za su yi laushin waɗancan ba."

"Na jira wata da watanni, Malam. Yinin yau ne zai gagare ni?" Ta gyara zama, ta ɗan cije leɓe. "A dai samo mini abin jingina."

Dogo ya naɗe rigar ruwansa ya sa mata a baya. Ya daɗe a tsaye daga gefe, hannu a aljihu. Wani mai babur ya tsaya yana cewa sauri yake, a duba masa birki. Tsohon ya ce yau rumfa a rufe take. Da Dogo ya ji haka, sai ya matso, ya ɗauki gwangwanin kananzir ya fara wanke sifirin.

Rana ta karkata kafin su gama. A maƙwabta injin yanka na ta kuka, yana tsayawa, yana sake tashi. Tsohon ya dafa ta farko da dukkan nauyinsa, ta nutse, ta taso da ɗan tauri. Ya dafa ta biyu. Ya sake kwance ta, ya rage mai kaɗan, ya haɗa, ya kuma dafawa. Dogo ya miƙo hannu zai karɓa.

"Tsaya," in ji tsohon.

Ya riƙe su a ƙirji, ya tsaya gaban bango yana duban ƙusar, har matar ta ɗago kai ta ga abin da ya tsayar da shi. Sannan ya ɗaga hannu ya rataye su, ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya.

Dogo ya dubi ubansa. Tsohon ya ɗaga haɓa wajen ƙusar.